Jiki da zuciya a waƙa: ta ina zan fara?

Ka tambayi yadda ake gano alaƙar jiki da zuciya a waƙa. Ɗauki biro kala biyu: ja wa kalmomin jiki layi da ɗaya (ido, gumi, rawar hannu), na tunani da ɗayan. Sannan duba aikatau (kalmomin aiki), wa ke ba da umarni, wa ke bi? In mawaƙi ya ce ƙafa ta ƙi tafiya alhali zuciya ta riga ta isa, mutuntarwa ke nan (ba wa abin da ba mutum ba halin mutum), kuma saɓani yake nunawa. Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne kalmar "zuciya" kanta: a wani baitin tsokar ƙirji ce, a wani kuma hankali. Bi baitocin ɗango-ɗango, wato layi-layi, ka ga inda rinjaye ya sauya hannu, sannan ka fitar da jigo.