Shin wanda bashi ya yi wa katutu mai laifi ne?

Tambaya: Malam, ƙanena da ke aiki a Amurka yana fama da bashin karatu da na gida, dangi kuma suna cewa sakacinsa ne. Haka ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, biyan bashi wajibi ne, kuma hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci. Sai dai a ganina bai kamata a ɗora wa ƙaninki laifin shi kaɗai ba, domin a can talaka kan ci bashi kafin ya yi karatu ko ya mallaki muhalli, sannan a sa masa kuɗin ruwa fiye da na mai kuɗi, da hujjar cewa zai iya kasa biya. A 2008 majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, yayin da miliyoyin iyalai suka kwashe kayansu daga gidajen da aka ƙwace. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. Ki tambaye shi nawa yake biya duk wata, nawa kuma ke tafiya a kuɗin ruwa.