Tambaya da Amsa: Yaya zan gane bayanin kayan aikin da na rubuta wa AI ya yi kyau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wani shagon intanet wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da za ta riƙa amsa wa kwastomomi. Na ba shi kayan aiki huɗu, wato ƙananan ayyukan manhaja da zai iya kira, amma sau da yawa sai ya ɗauki wanda ba shi ba, ko ya cike gurbi da shirme. An ce matsalar daga bayanin da na rubuta take. Ta yaya ake auna ingancinsa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka haka ya san aikin. Wakilin ba ya ganin cikin manhajarka. Abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato ƙa'idar rubuta irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da wannan tsari a Yunin 2023, haka yake a MCP, ƙa'idar jona wa wakili kayan aiki, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Tamkar ka aiki baƙo kasuwa da 'yar takarda ne, abin da ba ka rubuta ba da zato zai cike shi.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka miƙa bayanin kaɗai ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ya faɗa maka abin da kayan ke yi, lokacin da ake amfani da shi, lokacin da ba a yi, da abin da yake dawo da shi. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, nan ne giɓin. Mafi yawan ruɗani daga tagwaye yake zuwa: in kana da neman_oda da duba_oda, ka rubuta ƙarara cewa na farko na wanda ba shi da lambar oda ne, na biyu kuma sai da lamba. Shawarar Anthropic ita ce jimla 3 zuwa 4 aƙalla ga kowane bayani.

Sai guraben, inda asara take. Gurbin da aka rubuta wa "kuɗi" kawai tarko ne. Paystack, manhajar karɓar kuɗi ta intanet, alal misali, da kobo take karɓar adadi. Kwastoma ya ce naira 5,000, wakili ya tura 5000, sai a caji naira 50, kuma babu saƙon kuskure da zai fito don a wajen na'ura komai daidai ne. Ka rubuta "adadi da kobo, naira 1 kobo 100 ce", ka sa misali. Kwanan wata ma ka ƙayyade, kamar 2025-03-04, don 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu.

Amma karatu ba ya wadatarwa, sai an gwada. Ka tara buƙatu kamar 40 irin yadda kwastomomi ke rubutawa, har da kurakuransu, ka rubuta wa kowace amsar da ta dace. Kusan 10 su zama waɗanda bai kamata wakilin ya kira kowane kayan aiki ba, don nan ake kama wakili mai rawar kai. Kowace ka maimaita ta sau 3 ko 5, tunda amsarsa na canzawa. Ka ƙirga daban-daban: sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya cike gurbi daidai, sau nawa ya haƙura ya yi tambaya. Ka gyara abu ɗaya a lokaci guda, ka kuma ware wasu buƙatu da ba za ka leƙa ba sai ƙarshe, kada ka gyara bayanin ya dace da jarrabawarka kaɗai.

Tambaya: Kayan aikin da wasu suka rubuta fa, in na ɗauko ta MCP? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, ki karanta bayaninsu kaf kafin ki jona. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayani, wakili ya bi alhali mai amfani bai gani ba. Ki ajiye kwafin abin da kika amince da shi, ki kwatanta duk sanda aka sabunta, don mai kayan na iya canza shi bayan kin jona.