Amsa ga angon da ke son kai amarya ganin teku

Malam ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Ka ce daga Jega za ku tashi, kana son wurin da amarya za ta ga teku, kuma kana tambayar me ake gani da rana, me ake yi da dare. Ni harkar gwanjo ce ta saba kai ni Kwatano, don haka gaɓar Jamhuriyar Benin ita na sani. Shawarata kada ku zauna cikin Kwatano, hayaniyarta da hayaƙin 'yan acaɓa ba na amarci ba ne. Ku wuce Garan Popo, can yamma dab da iyakar Togo, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Hanya dai ka san ta, Tsamiya zuwa Segbana, Kandi, Parakou har ƙasa. Ku yi tafiyar rana, ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ku canja sefa tun daga gida. Biza ba a nema. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ruwan sama ya ɗauke.

Garin siriri ne, teku a gefe guda, kogin Mono a ɗaya gefen, ga itatuwan kwakwa iya ganinka. Abin da nake so ku tashi dominsa shi ne jan koma bayan sallar asuba. Masunta kan jeru a kan igiya ɗaya, manya da yara, suna ja da baya taku-taku, wani na ba da waƙa saura na amsawa, ƙafafunsu na nutsewa cikin yashi. Sai an daɗe kafin komar ta fito, mata na tsaye da manyan kwanonin silba suna jira. Mu da muka taso da su na Argungu, wannan wani kalar su ne daban, kuma idan ka miƙa hannu ka kama igiyar ba mai hana ka. Bayan nan ku ɗauki kwalekwale zuwa Bouche du Roy, inda Mono ke shiga teku. Ku daidaita kuɗi da mai jirgi kafin ku hau, ku nemi rigar ruwa.

Kwana guda ku ba Wida, tana kan hanyar Kwatano. Akwai ganuwar Turawan Fotugal ta 1721, da hanyar da ake kora bayi har bakin teku, kusan kilomita 4, inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. Ku taka ta da ƙafa in amarya za ta iya, jikin mutum yakan yi sanyi. Gidan mesa kuwa wurin bautarsu ne, mai so ya leƙa, ni ban matsa wa kowa ba. A farko-farkon Janairu ake bikin addinin gargajiyarsu a can, ɗaki yakan yi tsada ƙwarai.

Zancen dare. Garan Popo ba garin raye-raye ba ne, kuma wannan ne ya sa na zaɓa maka ita. Daɗinta daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i ne: ku zauna ƙarƙashin rumfar kaba, a fasa muku ɗanyar kwakwa, a gasa kifin da aka kamo ranar, a haɗa da soyayyar ayaba da yaji. Ka tambayi mai abinci kai tsaye ko yana dafa alade, ba sa jin haushi. Yawancin wuraren bakin teku suna sayar da giya, har da tasu ta gida mai suna sodabi, wasu kuma suna sakin kiɗan rege har tsakar dare a ƙarshen mako. Don haka ka zagaya da rana ka duba masauki, ka zaɓi wanda ɗakinsa ke nesa da mashaya. In kuna son fitilu da jama'a, sai ku yi dare ɗaya a Kwatano, ku je Fidjrossè, unguwar bakin teku, sannan ku sauka Zongo, inda akwai masallaci da masu tsire 'yan uwanmu. Idan kuka haɗu da Zangbeto da dare, wato dodon nan mai kama da tarin ciyawa, masu gadin gari ne a al'adarsu. Ku ba su hanya, kada ka ɗaga waya.

Abin da zan roƙe ka da girman Allah, kada ka shiga ruwan nan. Na san mutanenmu, wanda ya iya iyo a Gulbin Kabi gani yake ya gama da ruwa. Tekun wannan gaɓa daban yake. Yashin yana gangarawa nan take, igiyar ruwa ta buge ka, mai komawa ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, kuma galibin wuraren babu masu ceto. Ku tsaya inda kumfa ke taɓa idon sawu, ka riƙe hannunta, kada ku juya wa ruwan baya don ɗaukar hoto. Bayan magariba kuma ku bar yawo a yashin da ba fitila, ku koma kusa da masauki.