Mene ne ma'anar "ɗaiɗaita", kuma yaya ake amfani da ita?

Tambaya: Malam, na ji a labarun rediyo an ce ambaliya ta ɗaiɗaita mutane a Kigo Road. Shin ma'anarta ɗaya da "kora", ko akwai bambanci? Daga wani mai karatu a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Malam, akwai bambanci mai yawa. Asalin kalmar daga "ɗai-ɗai" ne, wato ɗaya bayan ɗaya, sai aka ƙara mata "-ta" ta zama aikatau, kamar yadda tsoro ya ba da tsorata, ƙarya ta ba da ƙaryata. Saboda haka wanda ya ɗaiɗaita jama'a ya raba su da muhallinsu ne, sannan ya mai da su ɗaiɗaiku, kowa ya kama gabansa.

Idan mai gida ya kori ɗan haya, mutumin yakan kwashi iyalinsa da kayansa su koma wani gida tare. Idan 'yan sanda suka tarwatsa taro, kowa gidansa zai nufa. Wanda aka ɗaiɗaita ba shi da gidan da zai nufa: uwa da ƙananan yara suna kwana a ajin makarantar firamare, tabarma ɗaya da tukunya ɗaya, uba yana raɓe a shagon abokinsa, babbar 'yar kuma an tura ta wurin gwaggonta a Zariya. Mu mutanen Kaduna mun ga ma'anar kalmar nan da idonmu a rikicin watan Fabrairu na 2000, lokacin da maƙwabtan da suka shekara da shekaru a layi ɗaya suka rabu, wasu suka tsallaka kudancin kogi, wasu suka dawo arewacinsa.

Wajen amfani, kalmar tana neman jama'a, kamar iyali ko ƙauye ko unguwa. Ba a cewa an ɗaiɗaita mutum guda, sai dai a ce an ɗaiɗaita masa rayuwa. Idan ba a ambaci wanda ya aikata ba, sai a ce "ƙauyen ya ɗaiɗaice", kamar lalata da lalace. Tana kusa da "tagayyara", amma ita tagayyara wahala da ƙasƙanci take nunawa, ko da mutum yana cikin ɗakinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutu. Masu rubutu a waya da yawa suna barin ƙugiyar harafin ɗ, sai kalmar ta koma "daidaita", wadda ke nufin gyarawa da sasantawa. Na taɓa karanta saƙon da ya ce 'yan bindiga sun "daidaita" wani ƙauye a Birnin Gwari, alhali marubucin yana kukan mutanen da suka kwana a daji ne. Idan wayarka ba ta da harafin, gara ka sa alamar ' kafin kowace d, ka rubuta 'dai'daita.