Ka shiga ƙungiya kafin ka buga katin kasuwancinka

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma tambayar ta zo a kan lokaci. Ka ce ka kusa cika duba gidaje 175 da TREC, hukumar da ke ba masu duba lafiyar gidajen sayarwa lasisi a jihar Texas ta Amurka, take nema, babban lasisi ya kusa zuwa hannunka, ga kuɗin inshora, ga gyaran mota, ga kyamarar nan mai nuna zafi da ka ƙwallafa rai a kanta. To don me za ka ƙara wa kanka kuɗin ƙungiyar masu duba gidaje, alhali doka ba ta tilasta maka ba?

Gaskiyarka, ba ta tilasta ba. A jihar Texas lasisin TREC shi ne izinin aiki, kuma akwai waɗanda suka tsufa a sana'ar nan ba su taɓa biyan ko sisi ga wata ƙungiya ba. Duk da haka ina so ka shiga, kuma tun watan farko.

Ka tuna yadda ka taso a hannuna. Gidaje 25 na farko ina tsaye a bayanka, kana haska tocila ina kallon inda kake haskawa. Daga nan ka fara fita kai kaɗai, amma rahoto ba ya barin hannunmu sai na bi shi. Ranar da ka karɓi babban lasisi wannan inuwar ta gushe. Sunanka da lambar lasisinka kaɗai za su hau takardar, kuma idan wasiƙar lauya ta zo, kai za ta nema. Ina nan, wayata a buɗe take gare ka dare da rana, sai dai ni mutum ɗaya ne. Daga aikin lantarki na shigo sana'ar nan, can ƙarfina yake. Idan magana ta kai ga rufin kwano ko cikin na'urar sanyaya gida, ni ma akwai waɗanda nake bugawa waya, kuma kusan dukkansu a taron ƙungiya na san su.

Ɗauki maganar harsashin gini, wadda ita ce ta fi hana sabon mai duba gida barci a Houston. Ƙasar garin nan laka ce, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan fari ya yi tsawo, kuma yawancin gidaje a kan daɓen kankare suke zaune, ƙasa na motsi suna binta. Za ka iso gida ka ga tsaga ta bi layin siminti a jan bulo tana hawa kamar matakala, ka shiga ciki ka ga wata ta tashi daga kusurwar taga, ka tura ƙofar ɗakin baya ta ƙi kama makullinta. Ƙa'idar TREC ba ta yarda ka lissafa waɗannan ka wuce ba, sai ka rubuta ra'ayinka a kan yadda harsashin yake riƙe da gidan. Idan ka tsananta, ka kori mai saye daga gida lafiyayye da ya daɗe yana nema. Idan ka sassauta, nan da shekara ɗaya a ce masa sai an haƙa an kafa ginshiƙai a ƙarƙashin daɓen, aikin dubban daloli, ya tuna wanda ya ce masa ba komai. Kuma ba ka da lokacin dogon nazari, domin mai saye 'yan kwanaki kawai ya biya wa kuɗi don ya iya fasa ciniki, sau da yawa ma rabinsu sun tafi kafin a kira ka.

A irin wannan ranar kake son a ce akwai mutum uku ko huɗu da za ka tura wa hotuna kafin magariba. Ɗaya ya ce maka ka koma ka duba ko akwai itacen da saiwarsa ke shan ruwan wannan kusurwar. Wani ya tambaye ka ina ruwan indararo yake zuba. Wani kuma, wanda ya fi shekara ashirin yana aiki a unguwar, ya gaya maka cewa gidajen layin nan duk haka suke yi da bazara, amma wannan ƙofar da ta karkace ta isa a kira injiniya. Hukuncin naka ne, kai za ka sa hannu. Amma ka yanke shi da idanun da suka ga dubban gidaje, kuma ba na jin akwai darasin kwamfuta da zai ba ka wannan.

Tsofaffin masifu na nuna maka su. Ka san akwatin wuta na kamfanin Federal Pacific da zarar ka buɗe murfin ka ga jan fenti a bakin makunnan da sunan Stab-Lok, ka san an daɗe ana kuka da su saboda wasunsu ba sa katse wuta idan waya ta ɗauki zafi. Ka san wayar alminiyam da aka zuba a gidajen da aka gina tsakanin 1965 da 1973 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, da yadda take sassautawa a mahaɗa. Ka san bututun roba ruwan toka mai tambarin PB2110, wanda aka yi ta sakawa daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990 kafin a gane yana ruɓewa daga ciki. Duk waɗannan sun riga sun shiga littafi. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ake ginawa yau. A shekarun 2000, da gine-gine suka yi yawa kuma guguwar Katrina ta 2005 ta ƙara buƙatar kaya, an shigo da allunan bango daga China, wasunsu suna fitar da wari irin na baragurbi, suna baƙanta jan ƙarfen da ke cikin na'urar sanyaya gida da wayoyi. Florida da Louisiana suka fi shan wahalar. Sai da mutane suka zauna a gidajen shekaru kafin maganar ta fito fili. Kowane zamani da nasa, kuma labarin irin wannan yakan yi yawo a bakin 'yan sana'a tun kafin wani ya zauna ya rubuta darasi a kansa. Wanda ke aiki shi kaɗai shi ne na ƙarshen ji.

Manyan ƙungiyoyin masu duba gida a Amurka biyu ne, ASHI da InterNACHI. ASHI ita ce babba a shekaru, an kafa ta a 1976, lokacin da babu jihar da ke ba masu duba gida lasisi, kuma ƙa'idojin aikinta sun zama abin da jihohi da dama suka duba da suka zo rubuta nasu. Ba ta ba da babban matsayinta sai mutum ya ci jarrabawar ƙasa, mai tambayoyi 200 cikin awa 4, wadda ka riga ka zauna, sannan ya nuna ya duba gidaje 250 da aka biya shi, kuma a bi wasu rahotanninsa a ga ko sun cika ƙa'ida. Tana neman awa 20 na ƙarin karatu kowace shekara. InterNACHI ta zo a 1990, hedikwatarta na Boulder a jihar Colorado, shigarta ta fi sauƙi, kuɗinta wajen dala 500 ne a shekara ko a biya wata-wata, tana neman awa 24 na karatu a shekara, kuma darussanta na intanet kyauta ne ga ɗan ƙungiya. Sun gina gida sukutum a cikin zaure a Boulder, wani kuma a Florida, an cika su da kurakurai da gangan domin ɗalibi ya bi ya zaƙulo. Idan Allah ya hore maka, ka je sau ɗaya, gani ya kori ji.

Ga mai farawa da aljihu marar nauyi, ni InterNACHI nake cewa ya fara da ita, saboda lissafi ne mai sauƙi. TREC za ta nemi awa 32 na karatu duk shekara biyu kafin ta sabunta maka lasisi, karatun nan dole ka saye shi a wani wuri, kuma da yawa daga darussansu hukumar ta amince da su. Ka tabbatar da kowane darasi a jerin TREC kafin ka ɓata lokacinka. Kuɗin shekarar bai fi na duba gida ɗaya da ɗan ɗori ba. Ka haɗa da ƙungiyar cikin jiha irin su TAREI, domin Texas tana da nata ƙa'idojin da nata fom ɗin rahoto, kuma idan hukuma za ta sauya wani abu a Austin, babban birnin jihar, su ne ke zama a wurin su dawo su faɗa mana. ASHI kuma ka sa ta a gaba, gidaje 250 ba za su yi maka nisa ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Mai saye ne ke biyanka, amma yawancin lokaci dillali ne ya ba shi lambarka, kuma dillali ba ya ganin la'adarsa sai ciniki ya faɗa. Yawancinsu mutanen kirki ne, suna son a faɗa wa mai saye gaskiya. Amma za ka haɗu da waɗanda ba haka ba. Wata dillaliya ta taɓa bi na har mota, bayan na fito daga saman silin na ga kwanon tarar ruwa na na'urar sanyi ya cika ya yi tsatsa, katakon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi har yatsa na nutsewa. Cikin murmushi ta ce ko zan rubuta shi a matsayin ƙaramin gyara, tana da gidaje da yawa masu zuwa. Na rubuta abin da na gani, ban sake jin wayarta ba. A lokacin ina da abokan cinikin da suka ishe ni. Kai kuwa za a yi maka wannan tayin a watan da wayarka ba ta yi ƙara ba, ga kuɗin haya ya matso. Za su laƙaba maka mai kashe ciniki, labari ya zaga ofishinsu. A ranar nan akwai bambanci babba tsakanin yaron da yake jin shi kaɗai ne mai taurin kai a duk garin, da wanda ya zauna da dattawa ya ji kowannensu an taɓa kiransa da wannan sunan, kuma ga su nan, aiki bai yanke musu ba.

Dokokin ɗa'a na ƙungiyoyin nan, waɗanda sabon shiga yake sa wa hannu bai karanta ba, ka karanta naka da kyau. ASHI ta hana ka biya dillali, a fili ko a fakaice, don ya turo maka aiki ko ya sa ka a jerin waɗanda yake yabawa. ASHI da InterNACHI duka sun hana ka karɓi aikin gyaran gidan da ka duba sai bayan wata 12, kuma TREC ma ta hana. Wannan ta ƙarshe za ta yi maka amfani sosai a cikin mutanenmu. Su ne za su fara kiranka, Allah ya saka musu, daga masallaci da wuraren suna da biki sunanka zai fara yawo. Kuma su ne za su ce, tunda ka ga matsalar kuma ka iya aikin, ka gyara mana kawai a yi ta gida. Da wuya ka kalli dattijo ka ce a'a. Amma idan ka ce, Baba, hukuma da ƙungiyata sun hana ni, zan rasa lasisina, ya fahimta ba tare da ransa ya ɓaci ba. Dalilin dokar ma mai kyau ne: wanda zai ci kuɗin gyara, ba a sakin jiki da shi idan ya ce abu ya lalace. Haka idan ɗan'uwa ne mai sayarwa ya roƙe ka ka rufa masa asiri. Amanar mai saye ce a wuyanka, ko da baƙo ne da ba za ka sake gani ba.

Kada kuma ka ɗora wa ƙungiya abin da ba za ta iya ba. Za su sa sunanka a shafin neman masu duba gida, wani lokaci kira ya shigo daga can, amma kada ka yi kasafin wata da shi. Tambarinsu a jikin motarka yana da kyau, sai dai mai saye da wuya ya san bambancin wannan da wancan. InterNACHI tana da wani tsari na alkawarin sayen gida daga hannun mai saye cikin kwana 90 idan mai duba ya tsallake wani abu. Yana da sharuɗɗa, ka karanta su duka kafin ka furta shi a gaban kowa. Aiki zai zo ne daga rahoto mai tsabta, da zuwa a kan lokaci, da haƙurin tsayawa ka yi wa mai saye bayani a bakin akwatin wuta har ya gane.

Inshora kuwa ba ta jiran ƙungiya. TREC tana neman aƙalla ta dala 100,000 domin kuskuren aiki, ka ƙara da ta ɓarna, saboda ƙafa takan zame daga katako a saman silin ta ɓullo a falon mutane. Wasu kamfanonin suna yi wa 'yan ƙungiya rangwame, ka tambaya. Takardar yarjejeniya da mai saye zai sa wa hannu kafin ka fara, ƙungiya za ta ba ka samfurinta, amma ka biya lauyan Texas ya bi ta sau ɗaya. A ciki ka fayyace abin da ba ka dubawa: rahoton gara sai mai lasisin ma'aikatar gona ta jiha, fumfuna ma da nata lasisin daban. Sannan akwai ƙungiyar dillalan Houston, HAR, wadda masu duba gida ke shiga a matsayin abokan hulɗa don su samu makullin Supra na buɗe akwatin da ke rataye a ƙofar gidajen sayarwa. Idan ba ka da shi, kullum kana tsaye a rana kana jiran wani ya zo ya buɗe maka.

Saboda haka ga yadda zan jera maka kuɗin: inshora, lauya, makulli, ƙungiya. Kyamarar zafi ta jira, ka ci gaba da aron tawa, ma'aunin laima da tocila mai kyau sun ishe ka watannin farko. Kuma biyan kuɗin kaɗai ba ya haɗa ka da kowa, sai ka je ka zauna. Taron reshenmu na wata mai zuwa za mu tafi tare, ni zan tuƙa. Ka zo da hotunan gidan nan na bayan gari mai tsaga a bangon gareji, da abin da ka rubuta a kan harsashinsa, ka cire adireshi da sunan mai shi. Akwai wani dattijo da ya yi aikin kankare kafin ya shigo sana'ar, shi nake so ya fara gani.