Labarin Kamfani da Amanar Kwastoma: Amsa ga Mai Koyon Aikin Talla

Ɗana, takardarka ta iso hannuna, kuma na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce an ɗora maka rubuta labaran kamfaninmu, waɗanda muke sawa a shafinmu muke kuma aika wa jaridu, sai ka rubuta labari a kan sabon kwastoman da muka samu, ka haɗa da hoton zanen da muka yi masa, amma na hana a fitar da shi. Kana so ka san dalili, tun da a ganinka aikin namu ne, mu muka hana idonmu barci a kansa, kuma ƙaramin kamfanin talla irin namu ba shi da hanyar nuna gwanintarsa sai ta abin da hannunsa ya yi. Na lura da ɗan ɓacin ran da ke cikin tambayar, ban kuma ga laifinka ba, domin rubutun da ka yi ba shi da aibi ta fuskar harshe. Inda matsalar take shi ne ka riga malam masallaci, ka kuma ɗauki abin da ba namu ba ka mai da shi namu.

Bari in fara da maganar mallaka, domin daga nan sauran suke tasowa. Asalin sana'ar nan dillanci ce. Volney Palmer, wanda ake lissafa shi cikin waɗanda suka fara buɗe kamfanin talla a Amurka, a birnin Filadelfiya a farkon shekarun 1840, ba ya rubuta talla ko zana shi. Filin talla kawai yake sayarwa a madadin jaridu, ya karɓi la'adarsa daga wurinsu. Wato jarida ce uwargijiyarsa, mai talla kuwa mai saye ne kurum. Kamfanin N. W. Ayer & Son, wanda aka kafa a wannan birni a 1869, shi ne ya juya al'amarin a 1875 lokacin da ya fito da kwangilar da ta bayyana wa mai talla ainihin kuɗin da jarida ta karɓa da la'adar da kamfanin zai ɗauka, la'adar da daga baya ta tsaya a kan kashi 15 cikin ɗari a yawancin wurare. Daga ranar nan kamfanin talla ya koma wakilin kwastoma, kuma wakili ba ya magana da bakin kansa a kan dukiyar wanda ya wakilta shi. Ko da yau mun fi karɓar ladan aiki a kan la'ada, matsayin bai sauya ba. Zanen da ka ɗauki hotonsa, tambari ne da launi da jumlar da kwastoma ya biya domin su, kuma a yarjejeniyar da muka sa wa hannu akwai sakin layin da ya ce abin da muka sani game da kasuwancinsa sirri ne har sai ya ba da izini. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuma lokaci. Kai abin da ka gani shi ne an gama zane, an amince da shi, saura bugawa. Abin da ba ka gani ba shi ne kayan da za a tallata ba su gama isa hannun masu rarrabawa ba, ma'aikatan kwastoman da yawa ba a sanar da su ba tukuna, kuma tsohon kamfanin da yake yi masa talla bai karɓi takardar sallama ba sai ƙarshen wata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa labarinka ya zama ɓarna. Idan jama'a suka ji labarin kaya suka je nema ba su samu ba, sun tafi ke nan, kuma kuɗin da za a kashe a dawo da su ya fi wanda aka kashe a kira su da farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa kwastoma zai ce a dakata ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ba hakkinmu ba ne mu matsa masa sai ya faɗa.

Wannan darasi ni ban koye shi da sauƙi ba. Ina kamar shekarunka, a kamfanin da na fara koyon aiki, aka ba ni irin aikin da aka ba ka. Mun ɗauki sababbin ma'aikata biyu, na tara su da sauran abokan aiki a ɗakin zane, aka ɗauke mu hoto, na aika wa wata jarida tare da ɗan gajeren bayani. Ban ambaci sunan kwastoma ko ɗaya ba. Amma a bangon da ke bayanmu an manna samfurin gwaji na allon tallan wani mai sana'ar kwanon rufi, sabon sunan kayansa ya fito sarai, ranar ƙaddamarwa kuma tana rubuce da jan alƙalami a gefen takardar. Ni ina duba fuskoki, ban dubi bango ba. Washegarin ranar da jaridar ta fito, mutumin ya shigo da ita a naɗe a hannu, ya shimfiɗa ta a kan teburin maigidana, ya ɗora yatsa a kan kusurwar hoton, ya yi shiru. Kafin ranar ƙaddamarwarsa ta zo, abokin gasarsa ya riga ya kama allunan da ke manyan hanyoyin da muke nema. Mutumin ya biya mu kuɗin aikin har ƙarshe, bai rage ko kaɗan ba, sannan bai sake dawowa ba. Tun daga lokacin, duk hoton da za a ɗauka a ofis sai na dubi bango da fuskar kwamfuta da takardun da ke kan tebur kafin in dubi mutanen da ke ciki.

Ka kuma tuna cewa mu a yanki ɗaya muke aiki. Babban kamfani mai rassa a ƙasashe yana iya rasa kwastoma a nan ya samu wani a can, wanda bai taɓa jin abin da ya faru ba. Mu kuwa 'yan kasuwar da muke yi wa aiki sun san juna, suna haɗuwa a taro ɗaya, suna amfani da madaba'a ɗaya da gidan rediyo ɗaya. Wanda ya ji cewa bakinmu ba ya riƙe magana ba zai zo ya tambaye mu ko gaskiya ne ba. Zai kai aikinsa wani wuri kawai. Saboda wannan dalili ne ma ba ma karɓar aikin kamfanoni biyu masu gasa da juna a lokaci guda, ko da kuɗin ya ba mu sha'awa.

Yanzu in zo kan rubutun kansa, domin ko da kwastoma ya ba da izini, da sai na mayar maka da shi ka gyara. Abin da ka rubuta talla ne sanye da rigar labari. Na ƙirga kalmomin yabo a sakin layinka na farko: "gagarumi", "wanda ba a taɓa ganin irinsa ba", "ƙwararrun ƙwararru". Edita yana karɓar irin waɗannan takardu da yawa kowace rana, kuma da ya ga haka zai tura ka sashen talla a faɗa maka kuɗin shafi, kuma yana da gaskiya. Bambancin a bayyane yake: talla fili ne da ka saya, kai kake da iko da abin da za a sa a ciki, labari kuwa edita ne yake da iko da shi, yana iya yanke shi, ya sauya kanunsa, ko ya jefar da shi, ba ka da bakin ƙorafi. Sanarwar manema labarai irin ta zamani ana danganta farkonta ga Ivy Lee, wani masanin hulɗa da jama'a a Amurka, wanda a 1906, bayan jirgin ƙasa na kamfanin Pennsylvania Railroad ya faɗa ruwa a Atlantic City mutane fiye da hamsin suka mutu, ya shawo kan kamfanin ya fitar da bayanin abin da ya faru da kansa, jaridar New York Times kuma ta buga bayanin yadda aka aiko shi. Ka lura cewa sanarwar da ta buɗe wannan hanya ba ta yabo ba ce, ta mummunan labari ce, kuma an buga ta ne domin tana ɗauke da abin da mai karatu yake bukatar sani.

Saboda haka jumlarka ta farko ta faɗi wane ne ya yi mene ne, a ina, kuma yaushe. Dalili da yadda aka yi su biyo baya. Ka jera bayanan daga mafi muhimmanci zuwa mafi ƙaranci, domin idan fili ya yi wa edita kaɗan daga ƙasa yake yankewa. Sunan kwastoma ya zo kafin namu, domin shi ne mai labarin. Mu kuwa jumla ɗaya ta ishe mu, wadda ta ce mu muka tsara aikin. Na san wannan yana yi wa matashi ciwo, amma wanda yake neman kamfanin talla ya san inda zai duba, kuma jumlar nan guda ita yake nema. Idan za ka sa maganar wani a cikin alamar zance, to ya zama ya faɗe ta, ko ka rubuta masa ya karanta ya amince. Idan kuma wata rana kwastoma ya biya a buga masa rubutu mai kama da labari, to a rubuta a samansa cewa talla ne, ko da shi bai so ba. Dokokin ƙasashe da yawa sun wajabta haka, mai karatu kuma idan ya gano an yaudare shi ba jaridar kaɗai yake zargi ba.

Akwai wani wuri a rubutunka da ya fi damuna a kan yabon. Ka ce tallan da muka yi wa wani tsohon kwastoma a bara "ya ninka cinikinsa". Daga ina ka samo wannan? Mu ba mu riƙe da littafin cinikinsa. Abin da ke hannunmu shi ne alƙaluman da Facebook da gidan rediyo suka ba mu, kuma ko su ɗin sai an karanta su da hankali. Yawan mutanen da talla ya kai gare su daban, yawan lokutan da aka nuna shi daban; mutum ɗaya yana iya ganin talla sau biyar, sai ya zama mutum ɗaya a lissafi na farko, biyar a na biyu. Wanda ya gani ba lallai ya danna ba, wanda ya danna ba lallai ya saya ba. Ko da cinikin ya ƙaru da gaske, wataƙila a watan ne ya buɗe sabon reshe, ko abokin gasarsa ya rasa kaya. Idan kwastoma ya ba mu adadi a rubuce ya kuma yarda a fitar, sai mu ce shi ya faɗa, mu ambaci tsawon lokacin da aka auna. In ba haka ba, mu faɗi abin da muka yi da abin da muka iya aunawa, mu tsaya a nan. Da yawa daga cikinsu ma ba sa son a san cinikinsu ya ƙaru, kuma suna da dalilansu.

Kada ka ɗauka ina cewa mu ɓoye aikinmu. Kana da gaskiya cewa ƙaramin kamfani da aikin jiya yake samun na gobe, kuma na ga kamfanoni masu hannu mai kyau da suka durƙushe saboda ba wanda ya san su suka yi allon da kowa yake yabawa. Hanyar ita ce a nemi izini tun wuri. Mafi kyawun lokaci shi ne ranar da ake ƙulla yarjejeniya, a sa sakin layi da ya ce bayan an ƙaddamar da aiki muna iya nuna shi a matsayin namu, sannan kowane labari a kai wa kwastoma ya gani kafin ya fita. Izinin baki a waya ba ya wadatarwa, ba don mutane maƙaryata ba ne, sai don manajan da ya ce maka "ba komai" yau yana iya barin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma bai san da maganar ba. Saƙon imel mai layi biyu ya isa, muddin ya fito daga wanda yake da ikon bayarwa. Haka nan hotunan da ke cikin aikin: mai ɗaukar hoto da mutanen da aka ɗauka sun yarda ne a yi amfani da su a tallan kwastoma, na wani ƙayyadadden lokaci, kuma wannan yarda ba lallai ta haɗa da tallata mu ba. Ka duba takardunsu kafin ka sa fuskar kowa a shafinmu.

Idan ana so labari ya fito ranar ƙaddamarwa daidai, akwai hanyar da 'yan jarida suka sani: a ba su bayanin tun da wuri, a rubuta a samansa rana da sa'ar da aka yarda a buga. Amma wannan alkawari ne tsakanin mutane, ba doka ba ce, don haka ɗan jaridar da ka sani ka kuma gwada shi kaɗai ake ba, bayan ya amince da sharaɗin, ba kafin ba.

Game da labarin da ke hannunka, ga abin da za ka yi. Ka ajiye shi har a ƙaddamar da aikin. Kafin nan ka cire kalmomin yabon, ka cire maganar ninka ciniki, ka ɗaga sunan kwastoma zuwa jumlar farko, ka rage shi ya shiga shafi ɗaya. Hoton ma a sake ɗaukarsa: na waya da ka ɗauka daga fuskar kwamfuta ba zai bugu ba, madaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, kuma gara a jira allon ya hau a ɗauke shi a inda yake tsaye. Ka kawo mini gyaran ranar Alhamis mu duba tare, sannan kai da kanka za ka rubuta wa kwastoman takardar neman izini, ni kuma in sa hannu a ƙasan naka.