Me ya sa sabbin jam'iyyu ke bin ruwa bayan zaɓe?

Tambaya: Wani mai karatu daga Ƙauran Namoda ya rubuto cewa: "Kullum ana kafa sabbin jam'iyyu, amma da an kaɗa ƙuri'a sai a ji su shiru. Yaya APC ta karɓe mulki cikin shekara biyu, sauran kuma suka kasa?"

Amsa: Malam, APC a takarda ce kawai sabuwa. Lokacin da INEC ta yi mata rajista a Yulin 2013, maja ce ta jam'iyyun adawa na ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. A nan Zamfara ANPP ce ke mulki ƙarƙashin Abdul'aziz Yari, don haka ofisoshi da shugabannin mazaɓu suna nan daram, tuta kawai aka sauya. A Nuwamban shekarar gwamnonin PDP biyar suka sauya sheƙa zuwa APC, ciki har da Wamakko na Sakkwato da Kwankwaso na Kano, kowa da mutanensa.

Kwatanta da CPC a 2011. Buhari, ɗan takararta na shugaban ƙasa, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12, amma gwamna ɗaya tak jam'iyyar ta ci, a Nasarawa. Farin jinin mutum ɗaya yana cika filin taro, sai dai ba ya tsare akwati.

Aikin yana can ƙasa. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147, kuma mai neman gwamna, bayan rinjaye, sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a aƙalla ƙananan hukumomi goma. Kowace rumfar zaɓe tana buƙatar ejan da zai tsaya har a gama ƙidaya, ya sa hannu a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfar, ya karɓi kwafinsa. Jam'iyyar da ba ta biya ejan kuɗin mota da na abinci ba, kafin azahar za ta neme shi ta rasa, ko a same shi ya koma wajen mai ba da na goro. Ba kwafi, hujja a kotu sai ta yi wuya.

Zaɓen fid da gwani ma rami ne. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Wannan babbar jam'iyya ke nan, balle jaririya. Wadda kuma ta kasa cin ko kujera ɗaya, soke rajista na jiranta, kamar yadda INEC ta yi wa jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020.

Tunda a tsarinmu wanda ya zo na biyu ba ya samun komai, da wuya manyan jam'iyyu uku su daɗe tare. Sabuwa ko ta haɗiye tsofaffi, yadda ANPP da CPC da ACN suka ɓace cikin APC, ko ta raba ƙuri'un 'yan adawa. Irin na biyun aka gani a zaɓen shugaban ƙasa na 2023: LP ta ci Legas da Abuja, NNPP ta ci Kano, Tinubu kuma ya hau mulki da ƙasa da kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa.